Ranar da Aka Hana Yi wa Yayana Gaisuwa

A duk al'ummomin da na karanta tarihinsu, na kuma karantar da 'ya'yan mutane har na yi ritaya, babu wadda ta kai mu iya gaisuwar mutuwa. Wasu sun gina dala, wasu sun ƙera jirgi. Mu kuwa mun gwanance wajen tuɓe takalmi a ƙofar zaure, da sunkuyar da kai daidai gwargwado, da sanin inda ake jan numfashi tsakanin "ya haƙuri" da "Allah ya ji ƙan rai". Ba mu iya hana a kashe mutum ba. Amma in an riga an kashe shi, to a ba mu wuri.

Talata ce, cikin kaka. Ƙauyenmu yana mazaɓar Kwandiko, a ƙasar Gwaram. Ba zan faɗi sunansa ba, abin da ya gani ya ishe shi. Gida ɗaya muke da yayana Malam Sabo, kowa da sashensa. Shi mahaddaci ne, yana da Islamiyya a ƙofar gida. Ni ɗan boko ne. Da safen nan muna zaure muna shan koko sai matarsa, Yaya Ladi, ta fito da ƙwarya a ka, za ta kai wa masu kakkaɓar riɗi abinci a gona. Shekarunta sun wuce na kulle, kuma ko a lokacin da ba su wuce ba, ba ta cika neman izini sau biyu ba.

Ta ce, "Malam, a rage mini kokon nan. Kada ku shanye kai da ƙaninka."

Ya ce, "Sai kin dawo."

Da hantsi muka ji babura. Ba irin ƙarar 'yan acaɓa ba ce. Da yawa ne, tafe tare, babu mai danna oda. Sai harbi. Turmin da ake daka a maƙwabta ya yi shiru. Kaji suka watse.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

"Ina shanun?"

Shanun noma suke so, da wani Alhaji mai sayen riɗi. Yayana ya miƙe da carbi a hannu ya fita ƙofar gida. A zatonsa akwai wanda za a yi wa magana. Wani yaro da bai kai sa'ar ɗansa ba ya ɗaga gindin bindiga ya sauke masa a gefen kai. Ya ƙara. Ƙarar ta yi kama da ta duma in ya fashe. Ni ina kwance rub da ciki a zaure, bakina cike da ƙasa. Na sha koyar da yara labarin mazajen da suka tsaya. Ranar na gane ba ni cikinsu.

Suka cinna wa rumbuna wuta. Gero in yana ƙonewa yana da ƙamshi, wannan ma wani wulaƙancin ne. Suka kora shanun, suka tasa Alhajin a gaba, suka bi hanyar gonaki. Can muka sake jin harbi daga wajen, sannan ƙarar baburan ta yi nisa.

Ni da Tanko mai faci muka ɗora yayana a baro. Ba mu bi hanya ba, muka kutsa gonakin dawa. Kara yana yankar mana fuska. Gabanmu mata ne da goyo, bayanmu tsofaffi. Babu mai kuka. Ba ka jin komai sai haki da kukan tayar baron. Ana kiran azahar a wani gari muka fito kwalta. Wata a-kori-kura mai kankana ta tsaya. A asibitin Gwaram suka naɗe kan, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, a wuce Birnin Kudu. Da la'asar muka isa asibiti.

Ina tsaye a baranda, rigata ta bushe da jini, Sani ɗan yayana ya bugo waya. An tsinci uwarsa a hanyar gona, ƙwaryar na gefenta. Aka binne ta kafin magariba, mijinta yana ɗakin tiyata.

Likitocin fiɗa sun yi aikinsu, ba ni da ta cewa a kansu. Suka kwashe jinin da ya daskare, suka ɗinke. Bayan 'yan kwanaki ya buɗe ido, ya gane ni, ya motsa hannu da ƙafa. Ya nemi a yi masa taimama. Kowa ya ce alhamdu lillahi, Malam ya tashi. Sai ya dube ni ya ce, "Uwar yaran nan ta dawo daga gona?"

Na faɗa masa. Ya yi salati, ya juya ga bango, kafaɗarsa tana rawa har barci ya ɗauke shi. Da ya farka ya ce, "Uwar yaran nan ta dawo daga gona?"

Daga nan gwanintarmu ta motsa. Motoci suka fara zuwa, daga Kwandiko, daga Gwaram, daga Surko inda dangin marigayiyar suke. Kowa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin gado. "Malam, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Ladi." Shi kuma ya ce, "Wace Ladin?" A gaya masa. Ya yi salati, ya juya ga bango. Su fita suna girgiza kai, suna cewa ka ga ƙauna. Kafin na baya su gama tuɓe nasu takalman, ya manta. Wasu suka ce zafin rashi ne. Gwaggonmu ta ce iska ce ta shige shi a gonar dawa. Ba wanda ya fasa gaisuwa, domin gaisuwa haƙƙi ce, kuma mutum ya biya kuɗin mota.

Ni ma ina wajen. Ni nake nuna musu gadon.

Ranar Juma'a wata tawagar manya ta zo, da katan ɗin lemo da mai ɗaukar hoto. Shugabansu ya dafa kafaɗar yayana ya yi gaisuwa da muryar taro. Yayana ya ji mutuwar matarsa, ya yi salati. Suka zaga sauran gadajen. Suna shirin fita mai hoton ya ce, "Ranka ya daɗe, na farkon nan bai fita ba, a sake." Aka dawo aka sake. Wannan karon hoton ya fita da kyau.

Wata nas ce ta kasa jurewa, ta je ta kirawo Malama Hadiza. Aka ce mini masaniyar halayyar ɗan Adam ce. Na dube ta: ba abin awon ƙirji a wuya, ba allura, ba ƙwaya. Na ce a raina, mutum an fasa masa kai, an aiko masa da mai hira. Gwaggo kuwa a fili ta faɗi nata: "Likitar mahaukata? Sabo ba mahaukaci ba ne."

Malama Hadiza ta ce, "Ba mahaukaci ba ne, Gwaggo. Ni ma ba ta mahaukata ba ce. Masu rubuta maganin taɓin hankali daban suke, ofishinsu na can gaba."

Daga baya na san sana'ar tasu rassa gare ta. Akwai mai zama da wanda za a yanke wa ƙafa, kafin yankan da bayansa, har da ciwon ƙafar da babu ita. Akwai mai kula da yaran da suka ga abu suka daina magana. Akwai mai lallashin masu ciwon suga da na ƙoda kada su watsar da magani su koma wajen mai sassaƙe. Har nas-nas ɗin da suka gaji da rufe idon mutane akwai mai sauraronsu. Ita nata reshen shi ne gano abin da rauni ya ɗauke daga ƙwaƙwalwa da abin da ya bari. A littafi kowane reshe da mutuminsa. A zahiri su biyu na gani suna rarraba kansu.

Ta zauna ta gaishe shi da ladabi. Ta ce ya riƙe mata kalmomi uku: goro, tabarma, raƙumi. Na kusa tashi. Mutumin da ya haddace izu sittin ake ce wa ya riƙe goro. Ta ja shi da hirar riɗi da farashinsa. Sannan ta ce, "Malam, kalmomin nan fa?"

Ya ce, "Waɗanne, 'yata?"

Ta sa ni in ɗauko masa aya daga duk inda na ga dama. Na ɗauko daga tsakiya, ya zarce ba gargada, har ya gyara mini wasali. Ta fita ta dawo, ya gaishe ta gaisuwar baƙuwa.

A baranda ta ce mini, "Tsohon hatsin da ke rumbun yana nan lafiya. Sabon hatsi ne ba ya zama. Zai iya gyaruwa kaɗan, zai iya ƙi. Ba zan yi maka alkawari ba." Sai ta tambaye ni, "Sau nawa aka gaya masa?"

Na ce ban ƙirga ba.

Ta ce, "Kowane sau, shi ne na farko a wajensa. Daga yau ba mai yi masa gaisuwa a ɗakin nan. Mai gaisuwa ya yi wa Sani, ya yi maka."

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah! Ke wace ce da za ki hana sunna? Ke kika haifa mana shi?"

"A'a, Gwaggo. Amma ke kika goye shi. Ki tsaya a ƙofar mana."

Gwaggo ta tsaya, don ta samu muƙami. Mutane suka yi fushi ƙwarai. Wani ɗan'uwan Yaya Ladi ya ce ya taso tun daga Surko, ba zai koma da gaisuwarsa a baki ba. Ya leƙa ta taga ya jefa ta. Har yau akwai gidajen da ba sa amsa sallamata, wai 'yan boko sun hana a yi wa malami ta'aziyya. Waɗanda suka kora shanun kuwa ban ji wanda ya ƙaurace musu ba, domin ba a san gidajensu ba, kuma ba a nema ba.

Na tambaye ta abin da zan riƙa ce masa. Ta ce ba za ta sa ni ƙarya ba, kuma ba za ta sa ni in riƙa kashe matar kullum ba. In ya tambaya in amsa gajere, in zauna da shi, in kawo zancen karatu. In wata rana ya dube ni ya ce in faɗa masa gaskiya, in faɗa. Sannan ta ce, "Kai fa, Malam, kana barci?" Na ce lafiya ƙalau. A lokacin wani babur ya wuce ta bayan katanga, sai ga ni a tsugune. Ta faɗa mini ranar da abokin aikin nata yake ganin irinmu. Na je. Hira ce kawai, kamar yadda na zata. Ina komawa.

An sallame mu. Ba mu koma ƙauye ba, muna gidan Sani a Gwaram. Yayana yana jan karatu da safe, manya ke zuwa, bai taɓa ɓata harafi ba. Shanu sun tafi, rumbuna sun tafi, Alhaji mai riɗi ya dawo a rame. Mutum huɗu aka binne, ɗaya a cikinsu Yaya Ladi.

Yau ma da muka zauna shan koko ya ce, "Uwar yaran nan ta dawo daga gona?"

Na ce ba ta dawo ba.

Ya ce to a rage mata. Aka zuba a kwano aka rufe da faifai. Ni nake shanye shi da azahar.