Awon Soron Baba Tsoho

Wata ranar Asabar da hantsi, a daminar da na shiga aji huɗu na sakandare a Kabo, kakana Baba Tsoho ya dawo daga gona ya tarar da ni ina auna katangar soronsa da igiyar guga, ina rubutawa a littafi, ina ta Turanci ƙasa-ƙasa. Ko fartanya bai ajiye ba ya tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce Malam Inuwa ne, malaminmu na Turanci, ya ce ranar Litinin kowa zai tsaya gaban aji ya bayyana wani gini na garinsu, don bakinmu ya saba kafin jarrabawa.

Baba Tsoho bai yarda ba. Shi ya gina soron nan a garinmu Gude da hannunsa, ya jera azara, ya ɗora zankaye, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka sai mun kwaɓa ƙasa mun taya shi yaɓe. A shekarar kuwa an shafa jan fenti a wasu gidajen bakin hanyar Gwarzo, wai titi zai bi ta kansu. "Ruwa ba ya tsami banza," in ji shi. "Malamin nan masu titi yake yi wa leƙen asiri. In ba haka ba, ina ruwan Turanci da katangata?" Ni ma sai na fara zargin Malam, don na tuna Malam ya taɓa tambayata ko gidanmu yana kusa da hanya.

Ranar Litinin na miƙe na shirga ƙarya da Turanci yadda Baba Tsoho ya kitsa mini: gidanmu bukkar kara ce, can bayan gari, ko keke ba ya zuwa. Malam Inuwa, wanda ya sha wucewa ta ƙofar gidanmu a babur, ya ƙura mini ido ya ce, "To, a gaida mai bukka." Duk makon nan, kowane babur ya tsaya a unguwa sai na leƙa na ga ko masu titi ne.

Titi bai zo ba har Baba Tsoho ya rasu. Bayansa aka rasa mai yaɓe, soron ya fara yoyo, muka ce ai bulo da kwano sun fi. Ni na kawo magina, ni na nuna musu inda za su fara sa diga. Yanzu da bazara ɗakin kamar tanderu, kuma wallahi ina kewar sanyin soron nan. Tsoho ya ƙare rayuwarsa yana tsoron baƙo, ashe mai rushe masa gida kwano ɗaya suke cin tuwo.