Kalmar da ta kashe injin surukina

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina zaune a unguwar Glass, na samu wani aiki ta intanet da ya sa kaina ya kumbura. Akwai manhajojin da ake warware cikin wata manhaja da su, su ɗauki lambobin nan da na'ura kaɗai take ganewa su mayar da su umarnin da mutum zai iya bi layi-layi. Ni aikina in ɗauki bayanin amfani da masu irin waɗannan manhajoji suka rubuta, in miƙa wa wakilin AI, wato irin wanda ake ba aiki ya je ya yi da kansa, in ga ko bayanin zai ishe shi. Shi ba shi da wanda zai tambaya, abin da aka rubuta shi zai bi. Duk inda ya yi tuntuɓe sai in rage maki.

Kuma ba na raga wa kowa. Na sha rubuta wa mutanen da ban taɓa gani ba cewa da kansu suke hira, ba da mai karatu ba. Abokina da muke haya tare yakan leƙo ya ce, "Kai dai gwano ne, ba ka jin warin jikinka." Sai in yi dariya.

Gaskiyarsa kuwa, domin ni ma ina da tawa ƴar manhajar warwarewar da na haɗa tun ina gyaran waya. Don kishin harshe na sa wa umarninta sunayen Hausa: karanta, warware, ajiye, share. Bayaninta na rubuta da Turanci a gurguje, na jera sunayen ban faɗi aikin kowanne ba. Ban taɓa gwada ta da wakilin ba, tunda ai ni na san abina.

A lokacin ina neman auren wadda take matata yanzu. Mahaifinta mutumin Maraɗi ne, yana da shagon ɗinki a unguwar Nzeng-Ayong da wani tsohon injin surfani mai kwamfuta, wanda kamfaninsa ya daɗe da rufewa. Ana saura kwanaki Sallah injin ya fara tsayawa a tsakiyar aiki, ga shaddojin mutane jibge. Na ga dama ta samu. Na je na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, a bar mini shi, ai aikina ke nan."

Ya ce, "To, Allah shi taimaka. Amma ka bi shi a hankali, shi ka ciyar da gidan ga."

Na jona kwamfutata da ƙwaƙwalwar injin. Don in burge, maimakon in yi da hannuna sai na saka wakilin ya yi da ƴar manhajata. Na rubuta masa da Turanci ya warware abin da ke ciki, ya nemo inda matsalar take, in ya gama ya turo mini sakamakon. Ya karanta, ya warware, har ya gano wurin. Ina ta murmushi ina satar kallon Baba.

Sai ya zo turo sakamako. Ya duba jerin umarnina ya ga share. A Turanci, kalmar da ake rubutawa haka tana nufin a tura wa wani abu. Ya danna ta. Ni kuwa sharewa nake nufi, irin ta tsintsiya, kuma ko tambayar "ka tabbata?" ban sa mata ba. Bai ajiye kwafi ba, don babu inda na ce a fara ajiyewa. Duk abin da ke ƙwaƙwalwar injin ya share, fitilarsa ta yi ƙyaf ta mutu.

Baba ya ce, "Mi ya hwaru?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame ina cewa AI ne ya yi kuskure. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Shi abin, ya ji Hausa?" Na ce a'a. Ya gyaɗa kai kawai ya shiga ninke shaddojin.

Injin bai sake tashi ba. Daga baya matata ta gaya mini Baba da kansa ya riƙa shiga tasi yana mayar wa kiliya, wato masu kawo ɗinki, kayansu har unguwar da ake kira London, yana ba su haƙuri, yana cewa injin ne ya tsufa. Bai ambace ni ga kowa ba, har mahaifiyarta. Ni kuwa na ɗauke ƙafa daga unguwar, na riga na sallama cewa aure ya sha ruwa.

Har yau ina wannan aikin, amma bakina ya mutu. In na ga bayani mai giɓi nakan nuna giɓin in yi shiru, don na san yadda mutum yake ɗauka abin da ke kansa yana kan takarda. Kunyar kuwa ba ta tafi ba, kuma ba mutuwar injin ce ta fi ci mini rai ba. Ranar da na yi ta maza na koma na ce zan saya masa wani ko da kaɗan-kaɗan ne, bai ko ɗago daga ɗinkin da yake yi da hannu ba. Ya ce, "Tashi ka tahi ka turo manyanka. Ɗa ba ya biyan abin da ya hwasa gidan ubanai."