Motar da Fuatino Ta Saya Don Ta Huta

Shekara goma sha ɗaya Fuatino ta yi tana jan bas ɗin da mijinta ya bari, kuma ban taɓa ganin ta a ciki ita kaɗai ba. Farar bas ce mai kujera takwas, ƙofar gefenta sai an tokare da gwiwa take rufuwa. Ranar da mijin nata, Uelese, ya rasu makullin ya faɗo hannun matarsa, ya kuma faɗo da duk jama'ar da ke rataye a jikinsa.

Ni sunana Pelenise. Tare muke aikin wanki a wani gidan kula da tsofaffi a nan garin Logan, nesa da ƙasarmu, coci ɗaya muke zuwa, gidana ne na uku daga nata. Abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da idona na gani, kuma har yau yana ba ni haushi.

Fuatino gajera ce mai jiki, ƙafafunta kullum a kumbure. Ƙarfe shida na safe take kama aiki, ta yini a tsaye tana ninke zannuwan gado har ƙarfe biyu. Da ta fito kuma sai aikin gaske ya fara. A wurinmu mutanen Samoa babba ba ya roƙo. Faɗin inda za shi kawai yake yi a gabanki, ya yi shiru, ya bar ki da kunyarki. Goggo Matalena, ƙanwar mahaifin Uelese, za ta wankin ƙoda sau uku a mako. Wance 'yarta za ta sauka a filin jirgi. Mawaƙan coci suna da gwaji. In aka yi rasuwa kuwa sai abin ya koma kwalayen kaji, da kifin gwangwani, da tabarmin da muke kaiwa gaisuwar mutuwa, da katuwar tukunyar coci wadda ake dafa gwaza na mutum ɗari a ciki. Duk a bas ɗin Fuatino.

Likita ya auna ta ya ce jininta ya hau, ya tambaye ta yaushe take hutawa. Ta ce dariya ce ta ƙwace mata, har sai da ta ba shi haƙuri.

Abu ɗaya take so a duniya, kuma ni kaɗai ta faɗa wa. Wata Asabar ta tuƙa kanta zuwa bakin teku a Wynnum, ta sayi soyayyen kifi da dankali a takarda, ta sauke gilashi, ta zauna tana kallon ruwa ba mai kiran sunanta. Tafiyar minti arba'in ce daga ƙofar gidanta. Matar da aka haifa a bakin teku, amma ta manta rabonta da shi.

Da bas ɗin ta mutu mutuwar da bakanike ya ce babu tashi, coci gaba ɗaya ya shiga zaɓa mata mota. Matar fasto ta ce ta nemi mai kujera goma sha biyu, tunda jama'a ƙaruwa suke yi. Fuatino ta sunkuyar da kai ta ce to, Mama. Washegari a wurin aiki ta jawo ni gefen injin busar da kaya, inda ƙara ba ta bari a ji magana.

"Ƙarama zan saya," ta ce. "Ƙaramar jif. Kujera biyar, bel biyar."

"Za su cinye ki ɗanya."

"Ni me na ce? Ai ba ni zan ce a'a ba, doka ce za ta ce. Nan ba gida ba ne da za a ɗora mutum a cinya. Kyamara a kowace gada, ga tara. Wa zai ce in taka doka?"

Na dube ta na ce, "Ke, ashe kina da wayo haka kika bari aka mayar da ke jaki shekara goma sha ɗaya?" Ta kai min duka da matashin kai. Ranar na ji daɗi ƙwarai, don na ɗauka ta sami mafita.

Asabar muka tafi wurin masu sayar da motoci a cikin tsohuwar motata, da tukunyar coci a kujerar baya. Wani siririn Bature mai suna Lachlan ya tare mu. Yana ganin mata biyu irinmu bai ko tambaya ba, ya nufi layin manyan motoci yana lissafa mana kujeru. Fuatino ta ce ya koma baya. Ya nuna wata, ta ce ya ƙara komawa. A ƙarshe muka tsaya gaban wata shuɗiya, gajera, mai ɗan tudu. Ya buɗe wurin kaya na baya yana yabon faɗinsa, ita kuwa ta ce in ɗauko tukunya.

Tukunya ta ƙi shiga. Fuskar Fuatino ta washe. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka ciniki ne zai kuɓuce masa, ya yi wuf ya ja wani ɗan hannu, kujerun baya suka kwanta, tukunya ta shige har da sauran wuri.

"Tayar da su," in ji Fuatino.

"Amma kin ga, uwargida, in kika kwantar da..."

"Yaro, tayar da su. Ban gani ba. Kai ma ba ka nuna wa kowa ba."

Akwai wata da ta fi wannan ƙanƙanta a gefe, mai ƙasa sosai, wadda ko an kwantar da me tukunyar ba za ta shiga ba. Na nuna mata ita. Ta ce gwiwoyinta ba za su iya ba. Sai na ga ta zagaya ɗaya gefen shuɗiyar, ta buɗe ƙofar mai zaman banza, ta zauna, ta fito, ta sake zama. Ta ce, kamar da kanta take magana, "Goggo za ta shiga nan ba sai ta durƙusa ba." Tun a nan ya kamata in gane, amma ina can ina murna.

Sabuwar mota a wurinmu sai an kai ta coci an sa mata albarka. Fasto ya ɗora hannu a kan gilashi ya yi doguwar addu'a, ya roƙi Allah ya sa wannan mota ta yi wa bayinsa hidima dare da rana. Kowa ya ce amin da ƙarfi. Ni dai haƙorana na cije.

Lahadi ta farko na leƙa ta taga na ga mutum bakwai a ƙofar gidanta, cikin fararen kaya da huluna, kowa da kwanon abincinsa na bayan sujada. Na fito don kada a ba ni labari. Fuatino ta tsaya da makulli a hannu, ta ce don Allah su yi haƙuri, mutum huɗu kawai doka ta yarda ta ɗauka.

Goggo Matalena ta gyaɗa kai. "Gaskiya ne, 'yata, ba ma so a kama ki. Kai waɗannan tukuna. Mu nan za mu jira ki dawo."

Ta nemi wuri a kan dakalin fulawa ta zauna, ta gyara hularta.

Sawu biyu zuwa, sawu biyu dawowa. Abin da bas ke yi sau ɗaya, ƙaramar jif sau biyu take yi, ranar taro sau uku. Fuatino, wadda muryarta ke riƙe da mata a waƙa, ta koma shigowa coci bayan an gama waƙar farko, tana haki. Ba a yi mako biyu ba wani ɗan ɗan'uwan Uelese ya gano ɗan hannun nan na kwantar da kujeru, tukunya ta koma mazauninta. Wani abin takaicin kuma, motar tana haɗa kanta da waya. In an kira, muryar mai kiran ce ke cika motar, ga fasinjoji suna ji. A da Fuatino kan iya cewa tana nesa. Yanzu kafin ta buɗe baki wani daga baya ya ce, "Ai ga mu nan kusa da layinku, bari mu biyo."

Wata rana na shiga motar muna dawowa daga aiki, sai na ji motar ta yi ƙara, hoton kofin shayi ya fito a gaban sitiyari. Na tambaya mene ne. Ta ce wai in motar ta ga tuƙin mutum ya fara lilo, sai ta ce masa ya tsaya ya huta.

"Kullum sai ta nuna min," ta ce. "Duk Logan ita kaɗai ke ce min in huta."

Nan na fashe. Na ce ita ba motar haya ba ce, gwamnati na da motar kai marasa lafiya, 'ya'yan Goggo ƙarti uku kowa da motarsa. Na ce ta buɗe baki sau ɗaya ta ce ba za ta ba, ta ga ko sama za ta faɗo. Ta bar ni na gama tas.

"Ke da kika iya cewa a'a," ta ce, "wa ke ƙwanƙwasa miki ƙofa?"

Gaskiya ta faɗa. Ni bakina ya kore min mutane tun da daɗewa, kuma Lahadi da yawa ni kaɗai nake cin abincina.

"Da Uelese ya mutu," ta ci gaba, "mako biyu mutanen nan suka yi suna kwana a ƙasan falona. Goggo ce ta yi min wanka da hannunta, don na kasa. Yanzu in dube ta in ce mata ta hau motar gwamnati?"

"To ki mutu a kan sitiyari."

"Kai ni gida dai, sarauniyar faɗa," ta ce, alhali ita ke tuƙi. Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Haka aka shekara biyu, motar ba ta taɓa ganin hanyar Wynnum ba. Wata Laraba ta sauke Goggo a asibiti, tana ƙoƙarin juyawa sai hannunta na hagu ya saki sitiyari, bakinta ya karkace. Allah ya taimaka a ƙofar asibiti ne. Suka ce ƙaramar shanyewar jiki ce, za ta warware, amma ba ita ba tuƙi sai bayan wata uku, in an ga hali.

Kada ku ce mutanenmu ba su zo ba. Sun zo, har sun yi yawa. Gida ya cika da gwaza da madarar kwakwa da addu'o'i da waƙa, mara lafiya na zaune a tsakiya tana yi wa kowa sannu da zuwa da rabin baki. A rana ta huɗu ɗan ɗan'uwan nan ya fara tambayar inda makulli yake, wai kada batir ya mutu. Makullin na cikin rigata, kuma na ce masa in ya isa ya zo ya ɗauka.

Asabar da safe na shiga na ce likita na neman ta. Na tura wayarta ƙarƙashin matashi, na sa ta a kujerar gaban motarta, na ɗaura mata bel. Sai da muka fita layi na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Pelenise, ke dai ba kya jin tsoron Allah," tana murmushi. Kafin mu kai shataletale na biyu ta yi barci.

Mun isa ruwa ya cika har bakin katanga, ga iska mai daɗi. Na ajiye motar tana fuskantar teku, na sauke gilashi, na je na sayo kifi da dankali ƙunshi biyu. Na dawo na same ta baki buɗe, kai a jingine da ƙofa. Na ɗaga hannu zan tashe ta, na fasa. Na ci nawa kifin ina kallon ruwan da ta shekara da shekaru tana so ta gani, hawaye na zubo min, na tausayi da na haushi a haɗe. Kusan awa uku ta yi. A kan idona ruwan ya yi ta janyewa, har ya bar laka da tsuntsaye.

Firgigit ta farka tana laluben sitiyarin da ba ya gabanta.

"Ƙarfe nawa? Wa na bari a tsaye?"

"Ba kowa. Ci kifinki."

Ta dubi lakar, ta dubi ɗan layin ruwan da ya rage can nesa. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta buɗe takardar da hannun dama ta ci kifin a sanyaye, a hankali, tana shaƙar iska. Na ce a raina, to, ko ba komai yau ta samu.

Sai na ga ta juya da ƙyar tana duban baya.

"Kujera uku a banza," ta ce. "Kin san Goggo ta fi ni daɗewa ba ta ga teku ba? Ga matar fasto ma, da ciwon ƙafarta."

Na ce ta rufe min baki. Na faɗa mata maganganu da yawa a hanyar dawowa, wasu ma sai da na nemi gafara daga baya. Ita dai tana riƙe da takardar kifin a cinya. Faɗin abin da take so kawai ta yi a gabana, ta yi shiru.

Asabar da ta biyo baya, da labari ya bazu, sawu biyu na yi zuwa Wynnum.