Lambar da Ba a Ba Mu Ba

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ranar da ramin kwal ya rufta da ɗan baffana ba za ta fita daga raina ba.

Cirani muka je kudu daga Ajingi, mu takwas har da shi. Muka tarar ma'aikatan mahaƙar suna yajin aiki, wai katakan da ke tokare da rufin ramin sun ruɓe. Manaja ya ce da mu: "Ƙungiyarsu ce, ba ruwanta da ku. Ku shiga." Damina ta matso, muna son kuɗin komawa shuka, sai muka shiga.

A bakin ramin akwai allo mai ƙusoshi. Kowane ma'aikaci yana da lambar ƙarfe da yake ratayewa kafin ya sauka, idan ya fito ya cire, don a san wanda ke ciki. Mu ba a ba mu ba, ba mu kuma tambaya ba. Wani dattijon ƙungiya da ya iya Hausa ya tare mu.

"'Yan'uwa, iyayenmu sun sha harsashi kan irin wannan. Kada ku sauka ba lamba."

Ɗan baffana ya yi dariya. "Baba, lambar ce za ta riƙe rufin?"

Kwana na huɗu da hantsi, na fito da baro, ƙasa ta girgiza. Muka ƙirga kanmu, bakwai, babu ɗan baffana. Na ruga wurin manaja. Ya nuna allon.

"Ka ga lamba? Ba kowa a ciki. A toshe wurin."

Har an tayar da motar ture ƙasa, sai dattijon nan ya je ya zauna a gabanta, masu yajin suka bi shi. Mutanen da muka ci wa fuska su suka ɗauki shebur. Kwana biyu muna haƙa tare. Muka same shi, rai ya yi halinsa. Can muka yi masa sutura.

Ni na shiga gidan Baffa da labarin. Tambaya ɗaya ya yi mini: "An sallace shi?" Na ce an yi. Ba don mutanen nan ba, da ba ni da amsa.

Yanzu da nake ajin yaƙi da jahilci a Gaya, wannan ne abu na farko da na so in rubuta da hannuna. Na koyi cewa idan ma'aikata suka tsaya kan wata ƙa'ida, ko da ta yi kama da wasa, wani ne ya mutu kafin a kafa ta.