Kawu Direba da Tifar Shara

Tun ina ƙarama na san Kawu, ƙanin mahaifiyata, da farar riga mai guga da ƙyallen goge gilashi a aljihu. Shi ke tuƙa shugaban ƙaramar hukuma. Ciyaman ya zo, ciyaman ya tafi, Kawu yana nan bayan sitiyari, har mutanen gari suka manta sunansa, sai dai Direba.

Sai masaƙar garin ta rufe, haraji ya ja baya, asusun hukuma ya bushe. Aka rage ma'aikata, aka yi gwanjon motocin ofis. Guda ɗaya ta tsira, ita ma don babu mai so: tsohuwar tifar kwasar shara. Shugaban ma'aikata ya kira Kawu yana ta kame-kame.

"Direba, ko dai ritaya, ko kuma… ka ga waccan."

"Tana da birki?" in ji Kawu.

"Wani lokaci."

A gida matarsa ta so ta mai da abin wasa. "Baban yara, daga turaren Ciyaman sai ƙamshin bola?" Bai yi dariya ba. Kwana da kwanaki abinci ba ya shigarsa, kuma ta lungu yake bi da tifar don kada idon sani ya gan shi.

Amma sharar tana kan babban titi ne. Ta taru gaban kantuna, ta toshe kwata, ƙudaje sun kori masu cin abinci. Ranar da ya daure ya shiga, mai gidan abincin kusa da tasha ta fito da ludayi a hannu.

"Baba Direba, ashe kai ne! Wallahi har na fara haɗa tukwanena zan rufe."

Maganar nan ta zauna masa. Man da ake ba shi zagaye ɗaya yake isa, don haka ya bi kantuna ƙofa ƙofa, ya roƙi kowa ya riƙa kai shararsa durom ɗin bakin kwana kafin a buɗe kasuwa. Wasu suka yi gunaguni, amma suka kai. Wani bakanike ya gyara birkin bai karɓi komai ba, ya ce shi ma ta gabansa tifar take wucewa, kuma yana son ransa.

Wata safiya ana ruwa, Kawu ya hango Ciyaman tsaye bakin titi yana jiran tasi, babbar riga ta jiƙe sharkaf. Ya taka birki.

"Ranka ya daɗe, bismillah. Sai dai a toshe hanci."

Ciyaman ya hau, ba don ya so ba. Kawu kuwa bai kai shi ofis ba sai da ya gama zagaye, ya nuna masa kwatar da ta rufta da fitilun da suka mutu. Ba a gyara fitilun ba har yau, amma kwatar an gyara.

Yanzu wani tela da shara ta kora ya dawo shagonsa, wata yarinya ma ta buɗe wurin gyaran waya. An ce wata tifar tana hanya. Kawu ya ce sai ya gani da idonsa, amma jiya na iske shi a harabar ofis yana share mata wurin ajiyewa.