Kwalaben Baba Gideon

Baba Gideon mutumin Zonkwa ne, amma ya daɗe a Alƙahira har yakan yi wa direban ƙaramar bas faɗa da Larabci, direban ya ba shi haƙuri. Tun ina yaro yake zaune a ƙasan gidanmu a unguwar Faisal. Da na dawo daga karatu a Kanada na tarar layinmu ya canja, shi kuwa yana nan da farar rigarsa ta aiki da tafiyarsa ta mai ɗauke da faranti.

Aikinsa kula da gidan wani babban jami'in diflomasiyya ɗan ƙasarmu, wanda kowa ke kira Oga. Da wannan aiki takardar zamansa ke tafiya, da ita kuma karatun 'yarsa Godiya, mai koyon aikin jinya. Oga mutum ne mai son baƙi, musamman Turawa, kuma ba ya yarda a ɗora wa teburinsa jan ruwan inabi, wato giya, sai na Faransa. Illa dai kuɗin da yake bayarwa ko na Masar da ƙyar suke saye.

Baba Gideon bai taɓa yi masa musu ba. Yakan hau bas zuwa kantin wani Husam, ya zaɓo na Masar. A nan kam yana da ido. Ba ya ɗaukar kwalbar da ta sha rana a taga. Yakan sayi guda ya ɗanɗana a gida, in ta yi ya koma ya kwashi 'yan uwanta, kuma kafin watan azumi yake tara kayansa, don kantunan rufewa suke yi. Sauran aikin na kwalabe ne. Wani mai hidima a otal ke tara masa kwalaben Faransa da aka shanye, shi kuma ya wanke, ya jera a ƙarƙashin gado. Ranar liyafa sai ya juye na Masar a ciki, ya kai tebur a buɗe.

Na taɓa tambayarsa ko Oga bai ce komai ba game da zuwansu a buɗe.

"Shi ya koya mini," in ji shi. "Ya ce sai an bar shi ya sha iska tukuna. Ni wa zan ƙi bin umarnin Oga?"

Oga kan juya kofi, ya shinshina, ya lumshe ido, ya ambaci sunan wani ƙauye a Faransa inda ya ce ya taɓa kwana. Baƙi su gyaɗa kai. Ba a taɓa samun wanda ya ce uffan ba, ko don ba su gane ba, ko don abinci kyauta ne.

Sai wa'adin Oga ya cika. Aka turo wanda zai gaje shi, Alhaji Sanusi, aka shirya liyafar rana don a gabatar da shi ga Turawa. Oga ya gaya wa Baba Gideon gaskiya: Alhaji na da ɗan uwa da yake son kawowa daga gida, in ba a burge shi ba, to khalas, aikin Baba Gideon ya ƙare.

Ran liyafa da safe Baba Gideon ya durƙusa ya jawo kwalin kwalaben daga ƙarƙashin gado, ya ji nauyinsa ba irin na kullum ba. Kowace kwalba cike take da soyayyar gyaɗa har wuya, an toshe bakin da takarda.

"Maman Godiya! Me ya sami kwalabena?"

Matarsa Marta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Zumuntar mata za mu yi kasuwa a coci. Ko a hannu kake so in zuba wa mutane gyaɗa?"

"Wannan fa ta Bordo ce, can Faransa!"

"To yau ta ga gyaɗar Aswan, nan Masar. Kwalba ba komai a ciki kana ajiya kamar takardar fili. Har ƙwai za ta yi maka?"

"Aikina kika soya, Maman Godiya."

"Ma'alish, yi haƙuri. Ka juye a roba, ka dawo mini da abina, kada ƙwaya ɗaya ta ɓata."

Ba lokacin gardama. Ya ɗauki kwalin ya tari tasi. A kicin ɗin Oga ya jera kwalaben a kan tebur, na Masar kuma a gefe suna jiran juyi. Bai kai ga zazzage ta farko ba aka turo ƙofa. Oga ne ke zagayawa da Alhaji Sanusi yana nuna masa gida.

Oga ya tsaya. Ya dubi na Masar, ya dubi na gyaɗa. Idonsa ya sauka kan wata mai yagaggiyar takarda a gefe, wadda ya sha ɗagawa a gaban jakadu yana yabo, bai taɓa tambayar yadda aka yi kowace shekara take yagewa a wuri ɗaya ba. Baba Gideon ya ce mini a lokacin ya fara tunanin kuɗin jirgi zuwa Kaduna.

Alhaji kuwa ya miƙa hannu ya ɗauki wannan kwalbar, ya zazzaga a tafinsa, ya murje, ya hure ɓawon.

"Ikon Allah! Gyaɗa a kwalba, a Masar? Wa ya soya?"

"Iyalina ce, ranka ya daɗe."

"Ta iya. Waɗancan na Masar fa?"

Baba Gideon ya dubi Oga. Oga ya gyara wuyan riga. In ya yi faɗa, sai ya bayyana wa magajinsa abin da ya shekara yana shinshinawa.

"Tsarina ne," in ji Oga. "Na gida muke saye, don ƙarfafa zumunci da ƙasar da muke ciki. Gideon ne ke zaɓowa. Ba ka samun irinsa."

Ranar a tulun gilashi aka kai ruwan inabin tebur. Oga bai lumshe ido ba, bai ambaci ƙauyen kowa ba. Turawa suka sha, suka ƙara, wata har ta nemi a zuba mata gyaɗa a takarda.

Bayan an watse Alhaji ya kira Baba Gideon falo.

"Malam Gidiyon, ni ba na sha, ba na kuma son ganinsa. Amma an ce waɗannan mutane ba sa sa hannu a takarda da maƙogwaro a bushe. Ɗan uwana in na kawo shi, bai san ta inda ake buɗe abin ba, kuma ba zan jefa shi cikin zunubi ba. Kai ka riga ka saba. Ka zauna."

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

"Nawa Oga ke ba ka na sayen abin?"

Ya faɗa masa. Alhaji ya riƙe baki.

"A kan haram? Subhanallah. Rabi zan riƙa bayarwa. Kuma kada baƙo ya yi ƙorafi."

An sabunta takardar zamansa a watan nan, Godiya na ci gaba da zuwa makaranta. Makon jiya na gamu da shi a tashar bas, zai tafi unguwar Shubra, wai an ba shi labarin wani kanti da ya fi na Husam sauƙi.