Telan Masu Ƙaho

Duk wanda ya bi layin teloli a unguwar Briketeri da hantsi zai ji busar ƙaho na tashi a hankali daga rediyon shagon Abdulgaffar, tana cakuɗe da ƙarar keken ɗinki. Da can ba haka ba ne.

A layin nan aka haife shi, a shagon nan kuma mahaifinsa ya koya masa riƙon almakashi. Ya tashi da hannu mai kyau da kunne mai son hayaniya. Waƙoƙin zamani, na Legas da na Duwala, babu wadda za ta fito bai haddace ta ba. Ɗinkinsa ma a bidiyonsu yake ɗauko shi: riga a matse, hannu cif kamar an zuba mutum a ciki. Samarin unguwannin Tsinga da Messa suka yi masa caa, har ya riƙa cewa shi bai taɓa yanka yadi ya yi nadama ba.

Sai ga Haman, wani dattijo mutumin Garwa, shugaban wasu makaɗan jaz da ke wasa a wani otal. Kaftani yake so wa mutanensa, na shadda, iri ɗaya. Abdulgaffar ya auna su a tsaye ƙyam, hannuwa a sake, ya ɗinka yadda ya saba.

Ba a jima ba Haman ya dawo da riga a leda, ya baje ta a kan tebur maƙwabta na kallo. Hammata a yage har kusan ƙugu.

"Tela, mai busa ƙahon trombon ya miƙa hannu, duk otal aka ga singiletinsa. Za ka gyara, ko in kai wa wani tela a unguwar Nkomkana?"

A layin teloli, wanda aka ɗauki aikinsa aka kai wa wani gyara, sunansa ya zube ke nan.

"Baba, mutumin naka ne ya ƙara ƙiba."

"Zo ka gani da idonka. Muna gwaji bayan la'asar."

Abdulgaffar ya je inda suke gwajin, wani gareji a Tsinga, tef ɗin awo rataye a wuya. Suka fara. Ya yi ta jiran mai waƙa ya shigo, shiru.

"Baba, kun soma ne, ko har yanzu gyaran kaya kuke?"

Mai ganga ya yi dariya har ya yar da sanda. Haman ya ce, "Kai dai kalli kafaɗu, mon frère, ɗan'uwana. Abin da ya kawo ka ke nan."

Ya kalli kafaɗu. Trombon ƙaho ne da ake ja ana turawa, hannun mai shi na tafiya iyakar tsawonsa ya dawo. Mai ganga kuwa gwiwar hannunsa ba ta sauka. Da yake kowa yake bi da ido ɗaya bayan ɗaya, sai ya fara gane sautin kowa. Ɗaya zai fita gaba ya yi ta yawo, sauran na riƙe masa hanya har ya komo, wani ya karɓa. Da suka maimaita kiɗan, ƙahon ya bi ta wani wuri dabam.

"Ya yi kuskure," in ji Abdulgaffar.

"Bai yi ba," in ji Haman. "Gobe ma wata hanyar zai bi."

Daga nan suka shiga wani kiɗa mai rangaji da Haman ya kira suwing. Abdulgaffar ya tsinci ƙafarsa tana taka ƙasa kamar yana kan keken ɗinki, bai kuma hana ta ba.

Kafin magariba ya sake auna su, kowa da abin kiɗansa a hannu. Ya koma shago ya farke rigunan, ya sa wa kowace riga ƙyalle a hammata, irin wanda mahaifinsa ke sawa, shi kuwa yana ce masa tsohon yayi. Daga waje ba a gani, riga na nan a matse.

Ranar gwada kaya, mai trombon ya saka tasa, ya ja ƙaho har ƙarshe, ya ɗaga shi sama ya sake ja. Zare ko ɗaya bai motsa ba. Ya sauke ƙahon yana leƙa hammata.

Haman ya ce, "To, Nkomkana ta yi asara. Akwai wanduna ma."

Abdulgaffar ko juyowa bai yi ba. Ya jawo benci ya zauna, ya ce wa mai trombon, "Riga lafiyarta ƙalau, ni na ɗinka. Koma inda ka tsaya, ina so in ji ta ina za ka ɓullo yau."